Fanka, fankar ruwa ko esi? Zaɓin mai tsohon gidan ƙasa a Sakkwato, bazara da ɗari

Shekaru uku da suka wuce, a tsakiyar bazara, ƙanena da ke aiki a Abuja ya aiko kuɗi ya ce a sa wa Inna esi a ɗakinta. Niyya ce mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Sakkwato cikin watan Afrilu ba zai tambayi dalili ba. Gidan namu na gado ne, a cikin tsohon gari, tafiyar ƙafa kaɗan daga Hubbaren Shehu. Ginin tubali ne, rufin azara, kaurin bangon ya kai kamu ɗaya da ɗani. Mai haɗawa ya zo ya huda bango, ya kafa ƙarfe, ya rataye injin waje a jikin ginin kamar yadda ya saba a gidan bulo, ya bar bututun ruwan yana ɗiga a gindin katanga. Inna ta sami barci, wannan gaskiya ne. Amma kafin damina ta ɗauke, gindin bangon ya yi laushin da kana iya tura yatsa, tsaga kuma ta tashi daga wajen ƙusoshin ta doshi rawani. Tsohon maginin da muka kira bai ja zance ba. Ya dafa bangon ya ce da ni, “Ɗana, ginin ƙasa ba zahi ka kashe shi ba, ruwa ka kashe shi.”

Tun ranar na daina auna kayan sanyaya ɗaki da tambayar wanne ya fi sanyi. Yanzu sai na tambayi wutar da abu yake ci, da watannin da yake aiki, sannan uwa uba abin da zai yi wa jikin ginin. A gidan bulo tambayar ƙarshe ba ta da nauyi. A gidan ƙasa ita ce kan gaba.

Sai an fahimci yadda gidan yake aiki da kansa kafin a san abin da ya rage masa. Bango mai kauri yana shan zafin rana sannu a hankali, sai ya ɗauki awa takwas zuwa goma sha biyu kafin zafin ya ratso ciki. Shi ya sa da azahar, lokacin da ma'auni ya haura digiri 42 a waje, kana shiga zaure za ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Amma bashi ne bangon ya ci, kuma da dare yake biya. A Fabrairu da farkon Maris dare yana da sanyi, in aka buɗe ƙofa da taga iska takan kwashe zafin kafin asuba. Daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu kuwa, dare kansa ba ya cika sauka ƙasa da digiri 27 ko 28, bangon ba ya samun inda zai sauke kayansa, ɗakin ya koma kamar tanda da ƙarfe goman dare. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke barin ɗaki su kwana a tsakar gida ko kan soro. Yau an yi wa tsakar gidan daɓen siminti mai riƙe zafi, an sare bishiyar da ke tsakiya an gina ɗakin amarya, ga sauro, ga fargabar tsaro. Matsalar gidan ƙasa a bazara ta dare ce, ta 'yan makonni ce, kuma yawancinta mu muka ƙara ta da hannunmu.

Don haka kuɗin farko, a ganina, na rufi ne da inuwa. Gidajen da aka cire azara aka buga kwano su suka fi shan wuya, domin kwano da tsakar rana yakan haura digiri 60, yana toya duk abin da ke ƙarƙashinsa. In gidanka haka yake, silin da aka bar masa fili mai kyau tsakaninsa da kwano, aka buɗe ƙofofin iska a gefe biyu aka sa musu raga, zai yi maka aikin da fanka uku ba za su yi ba. Shafa wa kwanon farin fenti ma yana ragewa. In kuwa soronka na nan, kada ka cire shi. Ka yi masa laima: a ɗaga kwano sama da soron, a bar fili iska tana ratsawa ta tsakani. Dabarar da magini Francis Kere ya yi amfani da ita ke nan a makarantar ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001, kuma yanayinsu bai yi nisa da namu ba. Riba biyu ce: rana ba ta dukan soron, ruwan sama ma ba ya dukansa, azara ta ƙara shekaru. Sai dai a tsayar da ginshiƙan laimar a ƙasa, kada a ɗora nauyinta a kan rawani. Bangon yamma, wanda rana ke gasawa daga la'asar, a yi masa rumfar zana ko a dasa dogon yaro, amma nesa da gindin gini saboda saiwa.

Abu ɗaya da nake roƙo shi ne a bar shafa wa bangon ƙasa siminti. Ƙasa tana shan danshi tana saki. Siminti yana rufe mata wannan hanya, danshin ya taru a baya, wata rana filastar ta ɓallo da rabin bangon a jikinta. Yaɓen ƙasa da makuba, ko laso in an sami mai iyawa, shi ne rigar da ta dace da ita. Wannan ya shafi zancenmu kai tsaye, domin cikin na'urorin da za mu duba, ɗaya da ruwa take aiki, ɗaya kuma ruwa take zubarwa.

Fanka ita ce mafi arha, kuma ba ta cutar da gini in an san inda aka rataye ta. Ta sama irin wadda muka saba tana cin wat 70 zuwa 75, wato kwana guda na awa takwas bai wuce yunit ɗaya ba a mita. Sababbin da ke aiki da batir ko sola suna cin wat 15 zuwa 30, ƙaramin faifan sola ɗaya ya ishe su. Kada dai a ɗaura fankar sama a jikin azara guda. Azara ƙarfinta a jere yake, kuma ba ka san inda gara ta ci ba. Fankar tsaye ta fi kwanciyar hankali. Iyakar fanka kuwa a bayyane take: ba ta rage zafin iska, gumi take busarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin cewa in zafin wuri ya haura digiri 40, fanka ƙara wa jiki zafi take yi. A ɗakin kwano da rana wannan yana faruwa. A ɗakin soro da wuya. Amfanin fanka da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne a ajiye ta bakin taga daga tsakar dare zuwa asuba, tana jawo iskar waje, ɗaya tagar a buɗe. Ta haka bangon yake sauke zafinsa, gobe ya tashi da sarari.

Fankar ruwa ita ce na fi son in tsaya a kanta, don ina ganin an raina ta a garin da ya fi kowane dacewa da ita. Akwati ce mai tankin ruwa a ƙasa, ɗan famfo yana jiƙa wani soso, fanka tana jawo iska ta cikinsa. Hikimar randa ce aka sa wa wuta. Kowa ya san ruwan randa ya fi sanyi a bazara, domin busasshiyar iska tana shanye raɓar jikinta tana tafiya da zafin. Da wannan hikimar malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex. Daga Fabrairu zuwa Afrilu danshin iskar Sakkwato da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A irin wannan bushewa, fankar ruwa mai kyau tana iya fitar da iskar da ta fi ta waje sanyi da digiri takwas zuwa goma, alhali wutar da take ci tsakanin wat 60 ne da 200, gwargwadon girmanta. Sola matsakaiciya tana ɗaukarta dare da rana. Tana kuma rage ƙura da bushewar hanci da maƙogwaro, kuma dole ne taga ta zauna a buɗe, wanda alheri ne a lokacin sanƙarau, lokacin da cunkoso a rufaffen ɗaki ke yaɗa cuta.

Amma tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya karya su shi ke cewa ba ta aiki. In ka rufe ɗaki kamar mai esi, cikin awa guda iskar ta ƙoshi da ruwa, sanyin ya tsaya, jiki ya yi ta danƙo, bangon kuma ya yi ta sha. A gidan ƙasa wannan kiran gara ne. A ajiye ta bakin ƙofa ko taga, bayanta na waje, kada iskarta ta riƙa dukan bango kai tsaye, kuma a sa faranti ko leda a ƙarƙashinta in daɓen ƙasa ne. Tana shan ruwa, babba takan sha lita uku zuwa biyar a awa, abin lissafi ga gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. Ruwan rijiya mai gishiri yana daskarar da soson, sai ana wankewa, tankin ma a riƙa zubarwa kada ya zama gidan sauro. Babbar kasawarta ita ce lokaci. Daga tsakiyar Mayu, in iskar damina ta fara kaɗawa, danshi yana hawa, ƙarfinta yana raguwa, kuma a daidai makonnin nan ne dare ya fi ƙuntata. A Yuli da Agusta a kashe famfon kawai a bar ta a matsayin fanka.

Wannan giɓi na Mayu da Yuni shi ne hujjar esi, kuma ba zan ce kada a saya ba bayan na ga yadda Inna take kwana da shi. Tsoho, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da jariri, zafin dare yana iya kai su asibiti. Azumin 2024, da ya faɗo a Maris da Afrilu, ya nuna wa gidaje da yawa haka. Esi ne kaɗai yake rage zafi da danshi a tare, ko wane wata ne. Ɗakin ƙasa ma yana karɓarsa da kyau: bango mai kauri, taga ƙarama, rana ba ta shigowa. Esi mai hos ɗaya, wato mai ƙarfin doki ɗaya, ya ishi ɗaki matsakaici, ba sai an sayi babba ba, in dai ba soro mai daurin guga ne mai tsawo ba.

Kuɗinsa ne mai nauyi, na saye da na ci. Mai hos ɗaya yana jan wat 750 zuwa 900, fiye da fanka goma. In ya yi awa takwas bai huta ba, wajen yunit shida zuwa bakwai ke nan a dare guda. Mai inbata ya fi tsada a kanti, amma in ɗakin ya yi sanyi yana sassauta gudu, ba ya kuma fizgar wuta wajen tashi, don haka shi ya dace da sola. A bazara, lokacin da kowa ya kunna nasa, wutar layi takan yi rauni a unguwannin cikin gari, sai an haɗa da sitabilaiza. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a tsayar da esi a digiri 27 a kunna fanka tare da shi. Na gwada, barci yana daɗi, mita ba ta gudu. Masu sa shi a 16 suna lulluɓa da bargo kuɗinsu suke ƙonawa.

Ga darasin da muka biya kuɗinsa. Esi na taga, wanda ke buƙatar a fasa babban rami, ba na gidan ƙasa ba ne. A sayi mai inji biyu, a yi huda ɗaya tak, ta karkata zuwa waje, a zura bututun roba a ciki, a like gefensa da ƙasa, ba da siminti ba. Injin waje nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 35, yana kuma rawa in yana aiki. A yi masa dakali ko kujerar ƙarfe a ƙasa, a inuwa, nesa da bango da kamu biyu. Injin ciki a ɗaura shi a faffaɗan katako don nauyin ya rarrabu. Ruwan da yake zubarwa, wanda a damina yake cika bokiti, a ja shi da tiyo har magudana ko gindin bishiya, kamar yadda indararo yake jefa ruwan soro nesa da gini. Waya a bi da ita ta saman bango cikin bututu, kada a sassaƙe mata hanya. Ragar tace ƙura kuma a wanke ta duk mako a lokacin iska. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka tsaya a kan mai haɗawa, in da hali ka kira magini ya tsaya tare da ku.

Duk wannan ya dogara da inda wutar za ta fito. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar esi, babba kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya zama abin tunani, ga ƙara, ga hayaƙi a tsakar gida mai ƙunci. Hayaƙinsa yana kisa, kada a kwana da shi a zaure ko kusa da tagar ɗaki. Sola kuwa, mu da rana muka saba. Fanka da fitila da fankar ruwa, faifai biyu da batir matsakaici sun isa. Esi na dare shi ke buƙatar faifai huɗu zuwa shida da batir mai ɗaukar yunit biyar ko fiye, kuma batirin nan ne ke cinye kuɗin. A nan gidan ƙasa yake da wata riba da gidan bulo ba shi da ita sosai. Ka kunna esi da hasken rana kai tsaye, daga azahar zuwa bayan la'asar, ƙofa a rufe. Bangon da ya saba ajiyar zafi zai ajiye sanyi, da dare fanka ta ƙarasa aikin. Kamar dai bangon ne batirinka. Faifan kuwa, babba yana da kilo 25 ko fiye, kada a jera su kan soro a huda shi da ƙusa. A yi musu rumfar ƙarfe a tsakar gida, ka sami wuta ka sami inuwa, ka kuma sami sauƙin goge ƙurar hunturu.

In aka ce in zaɓa wa gidan da ba tsoho ba mara lafiya, kuma kuɗin bai da yawa, zan ce a gyara rufi, a sayi fankar sola, in an sami ƙari a sayi fankar ruwa. In akwai wanda zafi ke wahalarwa, esi ɗaya a ɗaki ɗaya, yara su shimfiɗa tabarma a nan a makonnin da abin ya tsananta. Sa esi a kowane ɗakin tsohon gida huda ce da yawa, ruwa ne da yawa.

Ɗari kuma ɗan gajeren baƙo ne, Disamba da Janairu, dare yana sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, da iska mai tsaga leɓe da dunduniya. A nan bangon abokinka ne, sai dai ka juya tsarin bazara: a buɗe ɗaki da rana ya sha ɗumi, a rufe tun kafin magariba. A toshe kafofin ƙofa, a sauke asabari, a sa labule mai kauri, a shimfiɗa darduma. Bargo mai kyau, da safa, da gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a wajen ƙafa, sun ishi yawancin mutane.

Hita ta lantarki tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, ta fi esi ci, batirin sola ba ya jure mata. A gidan da wayarsa ta tsufa, ga azara ga zana ga katifa, kuma a lokacin da komai ya bushe, hitar da ƙarfenta ke yin ja a fili haɗarin gobara ce. In dole ne, hitar da ke da mai a cikinta, wadda jikinta ba ya yin ja, ta fi aminci, kuma soket ɗinta ita kaɗai. Yawancin esin da ake sayarwa a nan sanyi kawai suke yi, kada ka saya da zaton zai ɗumama ɗaki sai ka ga an rubuta a jikinsa.

Kaskon wuta shi ne na gado, shi ne kuma ya fi ba ni tsoro. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ko garwashin ya yi jajir babu hayaƙi tana nan tana fita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai. A da ƙofar kara ce ko ta katako mai kafa, iska tana shige da fice. Yanzu mun sa ƙofar ƙarfe da tagar gilashi a ɗakin nan dai, mun kuma ci gaba da shigar da kasko yadda kakanni suke yi. Kunna risho ko gas don jin ɗumi duk hukuncinsu ɗaya. In wani ya ji alamun nan, a fitar da kowa waje, a buɗe ɗakin, a nufi asibiti.

Inna ba ta yarda ta rabu da kaskonta ba, kuma ban matsa mata ba. Mun yi sulhu a kan cewa wurinsa rumfar ƙofar ɗakinta, inda jikoki ke zagaye shi bayan magariba ana gasa gyaɗa. In an yi isha'i nakan zo in ce, “Inna, zan kashe wuta,” ta ce, “To, Allah ya yi albarka, miƙo min gorata.” Sai in zuba wa garwashin ruwa a waje, in cika mata gorar da ruwan ɗumi, in ja mata ƙofa.